Me ya sa jirgin ƙasa ba ya tsayawa in ya ga mota a kan layi?

"Assalamu alaikum Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni direban bas ne, yara 'yan makaranta nake ɗauka safe da yamma kuma kullum sai na tsallaka layin dogo sau huɗu. Jiya muka yi musu da abokan aikina, ni na ce ai direban jirgi yana da ido yana da birki, in ya hango mota a kan layi me zai hana ya tsaya? Sannan gaskiya wani lokacin in an sauke sandar get kuma na hango jirgin yana can nesa yana tahowa a hankali nakan zagaye in wuce saboda kar yara su makara. Dan Allah tunda kai ka tuƙa jirgi ka faɗa min gaskiya, akwai hatsari a haka? Kuma in mota ta mutu min a kan layi ya zan yi?"

Wa alaikumus salam ɗana, amin amin, Allah ya yi maka albarka. Na ji daɗi da baka ɓoye zancen zagaye sandar ba, da yawa suna yi amma ba za su faɗa ba. In na fahimce ka abu uku kake son sani, me ya sa jirgi ba ya tsayawa, shin abin da idonka yake nuna maka na nisan jirgi abin dogaro ne, sannan me zaka yi ranar da mota ta ƙi tashi a tsakiyar layi. Bari in fara baka amsar kai tsaye kar ka jira sai ƙarshe: eh akwai hatsari, babba ma kuwa, kuma ina roƙonka don girman Allah daga yau ka daina zagaye sandar nan. Abokan aikinka su ne da gaskiya a musun. Direban jirgi yana da ido yana da birki kamar yadda ka ce, amma lokacin da idonsa zai tabbatar cewa abin da ke kan layi mota ce kuma ba motsawa zata yi ba, birkin ya riga ya makara. Na daɗe a wannan aiki, na fara ina mataimakin direba, na ja jirgin kaya na ja na fasinja, toh abin da zan faɗa maka daga cikin kan jirgi na gan shi.

Birkin jirgi daban, na mota daban

Ka fara da nauyi. Kan jirgi shi kaɗai ba tare da ko tarago ɗaya ba yakan wuce tan 100, in kuma aka ɗaura masa taragun kaya cike da lodi ana maganar dubban tan ne. Ƙaramar mota tan ɗaya da rabi ce, bas ɗinka cike da yara ƙila tan goma da wani abu. Ƙungiyar nan ta Operation Lifesaver da aka kafa a Amurka a 1972 don wayar da kai kan wannan matsala tana kwatanta cewa jirgi ya bi ta kan mota tamkar mota ta bi ta kan gwangwanin lemo ne, kuma wallahi ban ga ƙari a kwatancen ba.

Sai kuma abin da mutane basu cika tunawa ba, tayar jirgi ƙarfe ce a kan ƙarfe. Tayarka ta roba tana damƙar kwalta tana cizonta, shi ya sa in ka taka birki da ƙarfi har yara su kifo gaba. Ita tayar jirgi wurin da take taɓa dogo bai fi faɗin farcen babban yatsa ba, kuma sumul yake da santsi. Wannan santsin shi ne amfanin jirgi gaba ɗaya, shi ya sa inji ɗaya yake jan kayan da tireloli masu yawa za su raba, amma shi ne kuma yake hana shi tsayawa da wuri. In ka matse birkin fiye da kima tayoyin su kulle sai su dinga zamewa a kan dogo kawai, ga tayar ta lalace ga nisan tsayawar ya ƙaru. In an yi ruwa ko raɓa ta sauka ko mai ya zuba a kan dogo abin ya ƙara muni, shi ya sa ake saka akwatin yashi a kan jirgi yana zubo shi gaban tayoyi don su ɗan samu abin kamawa.

Birkin kansa ma na iska ne, bututu ɗaya ne ya taso daga kan jirgi har tarago na ƙarshe, in direba ya ja hannun birki iskar ce take fita, kowane tarago ya ji iska ta ragu sai ya kama. A jirgi mai tsawo sai an ɗauki 'yan daƙiƙu kafin saƙon ya kai baya kuma birkin kowane tarago ya kama sosai, duk wannan lokacin na baya suna turo na gaba. Toh in ka haɗa duka, jirgin kaya mai gudun kilomita 90 a awa yana buƙatar kilomita ɗaya da rabi ko fiye kafin ya tsaya cak, da birkin gaggawa fa, wanda babu wani bayansa. Mota mai lafiyayyen birki a wannan gudun bata cin mita 100. Na fasinja ya fi sauƙin tsayawa amma shi kuma ya fi gudu, ɗaruruwan mitoci yake ci shi ma. Kuma jirgi bashi da sitiyari ɗana, inda dogo ya nufa nan zai bi, ba kaucewa dama ba kaucewa hagu.

Akwai wata rana da har yanzu in na rufe ido ina ganinta. Da yamma ne rana ta yi sanyi, ina jan jirgin kaya, muna fitowa daga wata kwana sai mataimakina ya miƙe tsaye ya ce oga mota. Babbar mota ce ɗauke da lodi ta tsaya gicciye a kan layi, tazarar ba zata wuce mita 400 ba. Na ja birkin gaggawa har ƙarshe, iska ta fita da wata irin ƙara mai cika kunne, na saki yashi, na danne oda ban ɗaga hannu ba. Shi ke nan fa, aikina ya ƙare, babu sauran wani abin da zan taɓa a cikin kan jirgin nan. Ina tsaye ina kallon allurar gudu tana sauka kaɗan kaɗan kamar bata so, ina kallon direban motar ta gilas ya sunkuya yana ta murza makulli, yaron motarsa ya riga ya dira yana dukan ƙofa yana jan rigarsa. Sai da muka zo dab har ina ganin launin hularsa sannan ya faɗo ƙasa ya mirgina. Muka daki motar ta tsakiya, muka tura ta gaba kamar kwali, ba mu tsaya ba sai can da nisa, sai da na yi tafiya mai tsawo a ƙasa kafin in dawo inda aka yi karon, gwiwoyina suna rawa. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba ranar. Amma ka lura, na gan shi da wuri, na yi duk abin da aka koya min a kan lokaci, birkina lafiya lau, kuma duk da haka sai da muka daki motar. Abokan aikina da nasu karon ya zo da rasa rai, wasu sun daɗe basa iya barci, akwai wanda bai sake hawa kan jirgi ba. Ba a cika tuna direban jirgi in ana lissafin waɗanda abin ya shafa ba, alhali shi ne wanda ya kalli fuskar mutum har daƙiƙar ƙarshe.

Abin da idonka yake nuna maka

Nan ne nake so ka nutsu sosai, domin ka ce kana hango shi can nesa yana tahowa a hankali. Ana cewa ido ba mudu ba amma ya san kima, toh a gaban jirgi ido bai san kima ba ko kaɗan, kuma ba naka kaɗai ba, na kowa haka yake har da nawa in na sauko ƙasa. Abu in yana da girma ido yana ganin kamar a hankali yake tafiya. Ka taɓa kallon babban jirgin sama yana shirin sauka? Zaka rantse a tsaye yake a sama alhali gudunsa ya wuce kilomita 200 a awa. Wani masani a Amurka mai suna Herschel Leibowitz ya yi rubutu a kan haka a 1985, ya danganta shi da yadda direbobi suke kuskuren auna gudun jirgi a mararraba. Ƙari a kan haka, jirgin kusan kai tsaye yake nufo ka, abin da yake nufo ka kuwa girmansa a ido baya canzawa sosai in yana nesa, zaka ga fitilar nan ƙarama kamar bata motsi, kamar bata motsi, sai kawai a daƙiƙu biyu uku na ƙarshe ya kumbura ya cika maka gilas. Ga dogayen layin biyu da suke haɗewa can nesa suna ƙara sa ka ga kamar tazarar ta fi yadda take.

Mu yi ɗan lissafi. Jirgi mai gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. In ka hango shi a mita 300, wanda a ido nisa ne sosai, daƙiƙa 11 ce tsakaninku. Kai kuma bas ɗinka in mai tsawon mita 12 ce, daga inda ka tsaya sai ka ci tazarar da ke gabanka, ka ci faɗin layin, sannan duk tsawon bas ɗin ya fice, sama da mita 20 ke nan daga tsaye da giya ɗaya da yara cike, zai ci maka daƙiƙa tara ko goma in komai ya tafi daidai. Yanzu ka ƙara zagayen sanda, dole ka karya sitiyari ka shiga hannun wasu ka sake karyowa, a kan dogo mai gargada. Ina sauran lokacin? Babu. Duk ranar da ka wuce lafiya da daƙiƙa ɗaya ko biyu ka wuce baka sani ba, kuma abin da ya fi bani tsoro shi ne kowace wucewa lafiya tana ƙara maka ƙarfin gwiwa. Mafi yawan waɗanda na ga sun yi kasada a gabana mutanen da suka san mararrabar ne kamar tafin hannunsu, sun haddace lokacin jirgi, su ce ai na safe ya wuce. Jirgin kaya baya bin agogo, na fasinja yana makara, ga injin gyaran layi da zai iya fitowa kowane lokaci ta kowane ɓangare.

Kunne ma kar ka dogara da shi da yawa. Jirgin zamani a kan dogon da aka yi wa walda babu ƙarar ƙaƙas ƙaƙas ɗin nan ta da, yawancin ƙararsa tana gefe da baya ne. Oda tana da ƙarfi ƙwarai, a Amurka doka ta ce a fara busa ta daƙiƙa 15 zuwa 20 kafin mararraba, amma ka rufe gilas ka kunna rediyo ga hayaniyar yara talatin a bayanka, wace oda zaka ji? A watan Afrilun 2018 a Kushinagar ta ƙasar Indiya jirgi ya daki motar 'yan makaranta a mararrabar da babu mai gadi, yara 13 suka rasu, rahotanni suka ce direban yana sanye da abin sauraro a kunne.

Sandar get da ƙararrawa

Mutane suna ganin kamar ana sauke sanda da wuri ne don a ɓata musu lokaci. A mararraba mai aiki da kanta jirgin ne da kansa yake kunna fitila da ƙararrawa, akwai ƙaramar wutar lantarki da ke bi ta cikin dogo, tayoyin jirgi suna hawa wurin sai su haɗe dogayen biyu na'urar ta gane jirgi ya iso, dabara ce tun ta 1872. An auna wurin ne da jirgin da ya fi kowanne gudu a layin, a Amurka mafi ƙarancin gargaɗin da doka ta yarda da shi daƙiƙa 20 ne. Kaga ke nan in yau jirgin kaya mai jan jiki ne ya zo ka jira minti biyu har ka gaji, gobe mai gudu ne zai zo a daƙiƙa ashirin da 'yan kai, kai kuma daga inda kake zaune baka da hanyar bambance su.

Sannan in layi biyu ne akwai jirgi na biyu. Wannan ya ci mutane da yawa. Na farko ya wuce, sanda bata ɗaga ba, kowa ya ƙosa, wani ya ce ta lalace ne, ya kutsa, ashe wani jirgin yana tahowa ta ɗaya layin taragon ƙarshe na farkon ya kare shi. In sanda bata ɗaga ba ko fitila bata mutu ba, ka ɗauka akwai dalili. Ko da lalacewar ce ta gaske, an ƙera su ne yadda in sun samu matsala za su sauka su rufe, toh ka kira masu kula da layin ko ka juya ka nemi wata hanya.

Kar kuma ka ce tunda get a buɗe yake shi ke nan. Mai gadi mutum ne, na'ura kuma tana iya cin amana. A ranar 17 ga Nuwamban 2012 a Manfalut ta ƙasar Masar jirgi ya daki bas ɗin makaranta get a buɗe, yara kusan 50 suka mutu, aka ce mai gadin barci ya ɗauke shi. A 1967 a Langenweddingen ta Jamus ta Gabas sandar get ce ta maƙale a jikin wata waya da ta ratso ta sama ta ƙi sauka, tankar fetur ta shiga, jirgi ya dake ta wuta ta tashi, mutum 94 suka mutu, da yawansu yara masu tafiya hutu. Shi ya sa a Amurka direban bas da na tankar mai dole ne ya tsaya a mararraba ko da get a buɗe, tsakanin kamar mita 5 zuwa 15 kafin dogo, ya duba ya saurara, kuma an hana shi canza giya a kan layi. Masu bas ɗin makaranta har ƙofa da taga suke buɗewa su sa yara su yi tsit. Ko dokar inda kake bata tilasta maka haka ba ni dai ina baka shawarar ka mayar da shi ɗabi'arka, sau huɗun nan duka, kullum. Na bayanka za su yi ta danna maka oda, ka ƙyale su.

Ka duba mafita kafin ka duba jirgi

In da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak in koya wa duk direban doguwar mota, wannan ne. Kar ka hau layi sai ka ga gurbin da zai ɗauke motarka gaba ɗaya a can ɗaya gefen, da rara. Yawanci mutum yana duba dama da hagu ya ga babu jirgi sai ya bi bayan motar gabansa, ita kuma ta tsaya saboda cunkoso ko danja ko wani ya tsaya sauke fasinja, na baya ya matso ya toshe, sai ga ƙararrawa ta fara, gaba kura baya sayaki. Lokacin da ya hau babu jirgi, gaskiya ne, amma ya hau ba tare da ya san yaushe zai sauka ba.

Kuma jirgi ya fi dogonsa faɗi. Faɗin layi irin wanda aka fi amfani da shi a duniya mita 1.435 ne, amma jikin jirgin yana leƙowa kusan mita ɗaya ta kowane gefe, ballantana in akwai igiya ko tamfol da ya kwance yana lilo. Tayarka ta baya ta sauka daga dogo ba yana nufin ka tsira ba, domin bas tana da gindi mai tsawo bayan taya. Abin da ya faru ke nan a Fox River Grove ta jihar Illinois a Amurka ranar 25 ga Oktoban 1995. Direbar bas ɗin makaranta ta tsallaka layi ta tsaya a jan danja da ke gaba kaɗan, a tunaninta ta fice, ashe tazarar da ke tsakanin danjar da layin bata kai tsawon bas ɗin ba, ɗan bayanta ya rage a hanyar jirgi. Yaran da ke baya sun ga jirgin suna ta ihu, cikin hayaniya bata gane me suke nufi ba. Ɗalibai 7 suka rasu. Matar nan bata zagaye sanda ba, bata yi tsere da jirgi ba, tsawon motarta ne kawai bata auna da wurin ba. Don haka ɗana wata rana in babu yara ka je mararrabar nan taka da ƙafa, ka auna da taku daga dogo zuwa inda mota take tsayawa a gaba, ka auna bas ɗinka daga hanci zuwa bamba ta baya, ka san ko wurin yana ɗaukarka da rarar aƙalla mita biyu uku. In baya ɗauka, toh a bayan layi zaka jira har gaba ta buɗe sosai.

Masu tirela mai ƙasa-ƙasa su kuma tasu matsalar tudun mararraba ne, cikin motar ya zauna a kan dogo tayoyi suna juyawa a iska. Masu kaya mai nauyin gaske kuma jinkiri ne yake kashe su, a Hixon ta Ingila a Janairun 1968 motar da ta ɗauko taransifoma mai tan 120 tana rarrafe a kan layi jirgi mai gudu ya iso, mutum 11 suka mutu, bayan nan aka tsaurara cewa mai irin wannan lodi sai ya buga waya ya nemi izini kafin ya hau. Da dare kuma akwai masu zuwa da gudu su daki gefen jirgin da ya riga ya cika mararraba, taragun kaya baƙaƙe ne basu da fitila, in kana gudun da ya fi hasken fitilarka sai dai ka ji ka a jikinsu.

In mota ta mutu a kan layi

Yara tukuna, kafin makulli, kafin waya, kafin komai. Kar ka ce bari in gwada tayarwa sau ɗaya, sau ɗayan nan ne yake zama sau biyar, na faɗa maka na ga mutum yana murza makulli har na ga hularsa. Ka buɗe duk ƙofofi ka fitar da su, a bar jakunkuna a bar takalma. Yana da kyau tun yanzu ka koya musu wannan kamar wasa, manyan su san su za su riƙe hannun ƙanana, kuma ka tabbata ƙofar baya tana buɗuwa ba a ɗaure ta da waya ba.

Inda za ku gudu yana da muhimmanci kuma a nan hankali yakan ba mutum amsar da ba daidai ba. Jiki zai ce ka guje wa jirgi ka yi gaba inda ya nufa, toh can ne tarkacen motar zai watsu. Ku nufi ɓangaren da jirgin yake fitowa amma a karkace kuna nesa da layin, yadda in ya daki motar komai zai yi gaba ya bar ku a baya. In babu jirgi a kusa kuma kowa ya fita ya yi nisa, sai ka nemi sanar da masu layin, a wasu ƙasashe akwai allo a jikin mararraba mai lambar waya da lambar wurin, a wasu akwai wayar kanta a gefe, in akwai mai gadi shi ne farkon wanda zaka gaya wa don yana da hanyar tsayar da jirgi daga nesa. Ka ajiye lambar a wayarka tun yau. In da wani babba a tare da kai ya bi gefen layi, gefe fa ba tsakiya ba, ya yi nisa iya iyawarsa yana kaɗa jan ƙyalle ko fitila da ƙarfi, mu direbobi an koya mana duk abin da aka kaɗa da ƙarfi a bakin layi alamar tsayawa ce. Turin mota sai in an tabbatar maka an tsare jiragen, kuma da zarar ƙararrawa ta fara a saki a gudu.

In kuma motar lafiyarta ƙalau sanduna ne suka rufe ka a tsakiya, kar ka tsaya kana tunanin ribas ko kuɗin gyara, ka taka totur ka ɓalle sandar gaba ka fice. An yi ta ne yadda zata karye ko ta goce in mota ta tura ta. Gilas ne zai tsage, shi ke nan.

Iyakar abin da direba zai iya

Ba zan ce maka duk laifin na direbobin mota ne ba. Akwai mararrabar da ciyawa da gine-gine suka rufe ta baka ganin komai sai ka sa hanci a kan dogo, akwai wadda fitilarta ta mutu an bar ta, akwai wadda kwaltarta ta farfashe har taya take maƙalewa. Maganin gaske shi ne a raba hanyar mota da ta jirgi da gada ko hanyar ƙasa. Layin jirgi mai tsananin gudu da Japan ta buɗe a 1964 tsakanin Tokyo da Osaka babu mararraba ko ɗaya a kansa, birnin Melbourne na Ostireliya tun 2015 yake cire nasa da niyyar kawar da 110 zuwa 2030, Indiya kuma bayan abin Kushinagar ta sanar a farkon 2019 cewa ta kawar da marasa mai gadi a manyan layukanta. A Ufton Nervet ta Ingila inda jirgin fasinja ya daki ƙaramar mota a 2004 ya sauka daga dogo mutum 7 suka mutu har da direban jirgin, sai a 2016 aka gama gadar da ta maye gurbin wurin. Gada tana cin kuɗi da shekaru, kafin ta zo kai ne kake tsallakawa sau huɗu a rana.

Lissafin da na yi maka a sama misali ne, gudun jirgin layinku da tsawon bas ɗinka su za su ba da naka, kuma dokar tuƙi ta ƙasarku ita ce gaba da shawarata in sun saɓa. In akwai abin da ya lalace a mararrabar ku haɗu da sauran direbobi da iyayen yara ku rubuta wa masu kula da layin, ku saka rana da lokaci da hoto, takardar mutum ashirin ta fi ta mutum ɗaya nauyi. Zancen makara kuma ka samu shugaban makarantar ka gaya masa a fili cewa akwai layin dogo a hanyarka, ranar da aka rufe get za ku iso a makare kuma ba zaka zagaye ba, in ya so a matso da lokacin tashi da minti goma. Ka gaishe min da abokan musun naka, ka ce musu su ma su je su auna tasu motar.